Abin da Ya Rage a Kaset ɗin Baba

Ni ba ɗan boko ba ne, gara in faɗa tun da wuri kada wani ya ɓata lokacinsa yana gyara min rubutu. Aji huɗu na yi na gudu. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina zaune a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran takalma da mai yanka makulli, ina gyaran rediyo da talabijin da fanka da duk wani abin da ake soka wa a bango. Bokon gidanmu kaf Yayana ne ya kwashe shi. Shi ake kira Injiniya, alhali ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidansa ni ake bugo wa waya.

Sunan nan wata kwamfuta ce ta jawo masa shi. Kada ku kawo irin ta yanzu a ranku. Wata 'yar baƙar aba ce, faɗinta bai wuce littafi ba, madannanta na roba ne kamar abin goge fensir. Ba ta da fuska, sai an jona ta da talabijin ɗin gida. Ba ta kuma riƙe komai. In ka kwana uku kana ɗura mata karatu, wuta ta ɗan ƙifta, shi ke nan, ta manta har ubanta. In kana son ajiye abin da ka rubuta sai ka jona ta da rakoda, ka sa kaset irin na waƙa, ta yi ta zuba masa wani ƙugi da tsuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin garwa. Wai wannan ƙarar ita ce ilimin.

Baba ne ya aiko da ita. Direban babbar mota ne a wani kamfani can wata ƙasa mai nisa, ya shekara biyu bai leƙo gida ba. Bai iya rubutu ba, gadon da ni na ci ke nan, saboda haka a kaset yake mana wasiƙa, ya ba mai zuwa ya kawo. Kaset na ƙarshe kwali ɗaya suka zo da kwamfutar. Bayan wata huɗu mota ta kife da shi, a can aka binne shi. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Kaset ɗin nan ne kawai ya rage wa Inna, kullum yana cikin rakoda.

Lokacin ina da shekara goma sha huɗu, Yaya yana da ashirin da ɗaya. Akwai wata mujallar kwamfuta da ke zuwa masa ta gidan waya duk wata, takardarta tana sheƙi, a bango an yi hoton wani yaro mai gilashi yana dariya kamar an yi masa albishir. A shafukan baya sukan buga wasa sukutum, lambobi da haruffa shafi shida, wai ka kwafe cikin kwamfuta da hannunka. Yaya yana dannawa da yatsa ɗaya, ni kuma aikina in riƙe masa rula a ƙarƙashin layi kada idonsa ya tsallake. In na motsa in sha ranƙwashi. Wasan wannan watan na wani mai raba wasiƙu ne da karnuka ke bi. Kwana uku muka yi a kai. A rana ta uku da rana tsaka muna kai layin ƙarshe fanka ta fara rage gudu, alamar wuta za ta tafi. Yaya ya rikice, ya duba hagu ya duba dama, babu sabon kaset. Ya danna jan maɓallin rakoda a kan wanda ke ciki.

Har gobe cewa yake bai duba ba. Ya duba. Ina wurin, rular tana hannuna.

Ya je ya faɗa wa Inna cewa kaset ya goge gaba ɗaya. Ba ta dake shi ba, ba ta zage shi ba, ta dai ce ya ɗauke mata shi daga gabanta. Wasan kuma bai taɓa tashi ba. Duk sanda ya loda shi daga kaset, sai kwamfutar ta rubuta da Turanci wai akwai kuskure a layi na ɗari uku da arba'in. Sai ya mayar da kaset baya, ya ɗan ƙara murya, ya sake. Ya mayar, ya rage murya, ya sake. Ko inuwar kare ɗaya ba mu gani ba.

Shekara talatin da takwas ke nan da yin haka.

Bara Yaya ya yi ritaya daga ofis, sai ciwon tsufa ya kama shi ta wata hanya dabam. Wasu gwiwa, wasu ido, shi kewar tarkace. Ya fitar da kujerun matarsa daga falo, ya kafa kabad mai gilashi, ya jera mujallu tuli, da faifai masu laushi irin waɗanda faɗinsu ya kai faranti, da wata firinta da in ta kama aiki maƙwabta kan fito su ga ko ana yanka katako ne. Duk Asabar abokansa biyu sukan zo. Akwai Dogo, wanda ya tsufa a ɗakin kwamfutar wani kamfani, da Mai Sanƙo, tsohon malamin lissafi. Su zauna su sha shayi, su buɗe mujalla su sunsuna, wallahi sunsunawa suke, su ce yaran yanzu ba su san daɗin kwamfuta ba. Daɗin me? Na riƙe rula, na san daɗin.

Wata Talata da hantsi sai ga Yaya a shagona, ya rungumo kwali kamar jariri.

"Auta, ga aiki na kawo maka. Amma ka wanke hannu tukuna."

"Yaya, in gawa ce ka kai ta inda ake kai gawa."

"Kai dai jahilci ya yi maka katutu. Ka san wannan yanzu a ƙasashen da suka san darajar abu gidan tarihi ake kai ta?"

"To ai ka ga ni ma abin da na ce ke nan."

Ya buɗe. Ga 'yar baƙar, ga tsohuwar rakodarmu, ga wayoyi sun daskare. Wai so yake ranar Asabar ya tayar da ita a gaban abokansa. A ƙasan kwalin na hango kaset. Babu rubutu a jikinsa, sai zanen tayar mota da biro. Alamar Baba ke nan, haka yake sa hannu a komai.

Na ɗauka na ɗaga shi a haske. Zaren ya yi ɗigo-ɗigon fari na fumfuna, ya bushe, amma yana nan a naɗe cif. Kaset ne na minti talatin kowane gefe. Ina yaro na yarda da maganar Yaya, don shi ne mai ilimi. Amma yanzu na shekara talatin ina kwance rakoda, na san jan maɓalli ba ya goge sai inda zare ya bi ta kansa.

"Yaya, ƙugin nan naka minti nawa ne?"

"Biyar. Me ya faru?"

"Bayan minti biyar ɗin fa, me ke ciki?"

Ya kau da kai yana kallon fankar wani da na kwance.

"Ka taɓa barinsa ya wuce wurin?"

"Ai in an gama lodi mayarwa ake yi baya. Haka tsarin yake."

Kun ji fa. Shekara talatin da takwas, da digiri biyu, mutum bai taɓa barin kaset ya ƙara taku ɗaya ba. Ko dai bai sani ba, ko kuwa tsoro yake ya sani. Ban tambaye shi wanne ne ba.

Wadda ta faɗo min a rai ita ce Inna. A gidana take, ta haura tamanin, ido ya yi rauni amma kai garau. Ba a fi wata biyu ba ta ce min, "Auta, maganar babanku duk ina da ita, ko ɗaya ba ta zube ba. Muryar ce ta tafi. In na tuno shi yana magana sai in ji shi da muryar yayanka. Ka ji abin haushi."

Na ce, "Yaya, bar min kaset ɗin nan kwana biyu. In buɗe shi, in share zaren, in sauya masa gida, in sa a rakodata mai kyau. Zaren nan ya tsufa. Tafiya ɗaya zai iya, in an yi sa'a. In ka ja shi baya da ƙarfin injin nan, tsinkewa zai yi ya cukurkuɗe."

"Farkon fa? Inda wasan yake?"

"Nan fumfunar ta fi ci. Yankewa zan yi in zubar."

Ya fizge shi daga hannuna kamar na ce zan yanka ɗansa. "Ka yanke? Aikin kwana uku? Kai ba ka san asali ba. Dole a loda shi daga kaset ɗinsa na asali, a rakodarsa ta asali. In an gama ranar Asabar sai ka zo ka ɗauka."

"In an gama ranar Asabar tsumma zan zo in ɗauka."

"A bakinka."

Ya jefa shi a aljihun gaba, ya dafe da hannu, ya fita. Mai yanka makulli ya leƙo ya ce, "Lafiya Injiniya ya fita kamar mai ciwon zuciya?" Na ce masa ai ya daɗe da shi.

Na so in lalata kwamfutar in ce ba ta gyaruwa. Minti biyu ya ishe ni. Amma ban taɓa mayar wa mutum kaya a mace da gangan ba, kuma ba zan fara a kan wannan 'yar banzar ba. Na sauya mata 'yan kwalaben ciki da suka kumbura, na bi ta da dalma, ta kawo. Rakodar kuwa na yi mata aikin da ban taɓa yi wa ta kowa ba. Na sa mata sabon bel mai juya injin, na wanke kan da ke karanta zare, na goge robar da ke jansa har tana ƙyalli, na rage mata ƙarfin ja. In dai gaba za ta yi, a hankali za ta tafi da shi kamar mai rakiyar tsohuwa. Baya ne ban da yadda zan yi da shi.

Ranar Asabar da la'asar na sa Inna a mota. Ban faɗa mata komai ba, don kada in ɗora mata rai a kan abin da ban tabbatar ba. Na ce Yaya ne ke biki.

"Bikin me?"

"Injinsa ya tashi."

"Wanda ya cinye min kaset?"

"Shi."

"To mu je in yi masa barka, tunda shi ya yi tsawon rai."

Mun tarar falo ya cika da mutum uku. Sun samo tsohuwar talabijin mai ƙusumbi sun ɗora a tebur. Dogo yana ba da labarin wata kwamfuta da ta cika ɗaki guda, wai sai an cire takalmi ake shiga wurinta. Mai Sanƙo yana shafa bangon mujalla yana cewa, "Dubi takarda, Injiniya, dubi takarda! Yanzu wa zai buga maka irin wannan?" Yaya ya ga Inna, fuskarsa ta sauya, ya harare ni. Na yi kamar ban gani ba. Na zaunar da ita, ni kuma na jawo kujera na manne da rakoda.

"Matsa can mana," in ji Yaya.

"Ni na gyara ta. In ta yi tari ina kusa."

Ya sa kaset. Ya soka wayar kwamfuta a ramin da ake sa abin ji na kunne. In wayar nan tana ciki, lasifikar rakoda ba ta magana, komai cikin kwamfuta yake wucewa, sai dai ka ji ƙarar ta talabijin. Ya danna wasu haruffa da yatsansa ɗaya na gado, ya danna rakoda.

Ƙugi ya tashi. Gefen talabijin ya kama walƙiya da ratsin ja da shuɗi. Tsofaffin nan uku suka lumshe ido kamar ana musu kiɗa.

"Allahu akbar," in ji Mai Sanƙo. "Ka ji sauti."

"Wannan tsuwar ta farko sunan wasan take karantawa," in ji Dogo. "Ni da kunne nake gane lodi mai kyau."

Inna ta ce, "Wai har yanzu ba a ba abin nan abinci ba?"

Ni idona yana kan 'yan ƙafafun kaset, suna juyawa, zaren yana wucewa da fumfunarsa. Na fito da wayata na ajiye kusa da lasifika, na danna abin da nake zaton na ɗaukar murya ne. Na bar Yaya ya ci rabonsa, minti biyar ɗinsa cif, ban taɓa komai ba.

Ƙarar ta tsaya. Talabijin ta nuna lodi ya yi. Dogo ya buga tafi. Yaya ya danna a fara wasa.

Kuskure a layi na ɗari uku da arba'in.

"Murya ce ta yi yawa," in ji shi, ko tunani bai yi ba. "Bari a mayar."

Hannunsa ya tafi kan maɓallin baya. Na cafke wuyan hannun. Shekara talatin ina murɗa sukundireba, shi kuwa biro ya riƙe, ko motsi bai iya ba. Da ɗaya hannun na fizge wayar daga ramin.

"Kai, Auta, ka haukace ne? Sakar min..."

"...rufin ɗakin baya kuma kada a jira sai ruwa ya sauka, a kira mai gyara tun yanzu."

Kowa ya juya ga rakodar. Muryar Baba ce, siririya, tana ɗan rawa saboda tsufan zare, a bayanta ana jin injin mota yana aiki. Inna ta miƙe zaune.

"Sai maganar yaran nan. Babban, ga injinka nan da ka hana ni sakat da wasiƙu a kansa. Albashin wata biyu ya ci. Mai shagon ya ce min wai yana da ƙwaƙwalwa. To, Allah ya sa ya ɗan sam maka."

Mai Sanƙo ya tuntsire da dariya, ya tuna inda yake, ya mayar da ita tari.

"Ƙaramin kuwa, an ce min ya kwance rediyon maƙwabta. Kada a dake shi tukuna. A ba shi ya mayar. In ta yi magana a ƙyale shi, hanyar abincinsa ce. In ba ta yi ba, a dake shi da kyau."

Aka ji ya yi tari, wani ya danna ham a nesa, ya ce wa wani yana zuwa. Sannan ya rage murya.

"Ke kuma, abin da na faɗa miki da farko, ba sai na maimaita ba. Akwai mutane a nan."

Ƙas! Zaren ya tsinke. Ƙafa ɗaya ta ci gaba da juyawa ita kaɗai. Na kashe rakodar, na saki hannun Yaya. Bai janye shi ba, ya bar shi nan a kan tebur.

Inna ce ta fara magana. Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Oh ni. Ashe ta hanci yake magana. Duk shekarun nan na ba shi murya mai kauri."

Yaya ya durƙusa a gabanta, mutum mai furfura. Ta dafa kansa ta ce, "Tashi, Babban, kada ka fasa gwiwa a banza. Ubanka ya riga ya rama min."

Shi Dogo, da yake Allah bai ba shi sanin lokacin magana ba, yana can ya ƙura wa talabijin ido. "Injiniya, wai ɗari uku da arba'in? Wasan mai raba wasiƙu? Ai wannan ba laifin kaset ba ne. Kuskuren masu buga mujalla ne, sun tsallake lamba ɗaya. A fitowar wata na gaba suka yi gyara, a shafi na uku. Kowa ya san wannan."

Yaya ya ɗago a hankali. "Ta wata na gaba ba ta zo min ba. Ita kaɗai ce babu a kabad ɗin nan. Har wasiƙar ƙorafi na rubuta musu."

"Ta zo," na ce.

Duk suka juyo.

"Ni na karɓa a ƙofar gida. Haushin kaset ɗin Inna nake ji. Na shimfiɗa wa tattabaruna ita a ɗakinsu. Takarda ce mai kyau kam, Mai Sanƙo bai yi ƙarya ba, ta yi wata uku ba ta jiƙe ba."

Yaya ya juya ya kalli kabad ɗin. Inna ta kama dariya har tana riƙe ciki. "Kun ji 'ya'yan da na haifa. Ɗaya ya goge uba don wasa, ɗaya ya ba tattabaru wasan."

Da za mu tafi Yaya da kansa ya ciro kaset ɗin ya sa min a hannu. A mota na duba wayata in ji abin da ta ɗauka, sai na tarar hoton gwiwar Dogo na yi, guda goma sha ɗaya. Wannan ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Washegari na rufe ƙofar shago rabi, na kwance kaset ɗin, na liƙe inda ya tsinke, na sauya masa gida. Bayan wurin babu komai sai shiru, nan Baba ya tsaya dama. Na kwafe maganar wuri uku, wannan karon 'yata ce ta danna wayar. Ƙugin minti biyar ɗin kuwa na yanke shi, na naɗe a jikin fensir na kai wa Yaya. Na ɗauka zai jefe ni da shi. Ina! Yana nan cikin kabad mai gilashi, har da 'yar takarda an rubuta shekara. Dogo ya samo musu lambar da aka tsallake, suka sake kwafewa daga mujalla, wasan ya tashi. Na je na gani. Mai raba wasiƙun wani ɗigo ne fari, karnukan ɗigo ne baƙaƙe. Minti biyu suka yi suka gaji, suka koma sunsunar mujalla.

Inna kuwa kullum bayan ta karya sai na kunna mata. Ta fi son wurin ƙwaƙwalwa, nan take cewa a maimaita. Rannan na kasa haƙuri na ce, "Inna, wai me ya faɗa miki da farkon? Tunda kin ce duk kina da shi, faɗa min in sa a rubuta, kada shi ma ya ɓata."

Ta juyo da idon nan nata da ba ya gani sosai, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Da kai ya yi? Kunna min, ka tashi ka tafi shago. Akwai mutane a nan."